Babi na Shida: Alƙalin da Ba Ya Ganin Gumi

A falon yayata na fara ganin abin da idona. Hutun ƙarshen shekara ne, an kawo wuta bayan la'asar, yara suka ruga suka kunna Wii, na'urar wasan bidiyon da babansu ya sayo musu ta hannu. Tanis suke bugawa. Babbar, mai shekara 12, tana tsaye a tsakiyar falo, ta cire ɗankwali ta ci ɗamara da shi, tana kai duka da rimot tun daga kafaɗa, tana tsalle hagu da dama, gumi har ya jiƙa wuyan rigarta. Ƙanenta kuwa yana kwance a kan doguwar kujera, kai bisa matashi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ba abin da ke motsi a jikinsa sai wuyan hannu. Ƙwallo na tahowa sai ya ɗan kaɗa rimot ɗin kamar mai korar ƙuda, ta koma da gudu. Sau uku a jere yana cinye ta.

Na ce masa, "Kai ba za ka tashi ka yi yadda yayarka ke yi ba?"

Ya ce, "Kawu, ai ba ya ganina. Hannu kawai yake ji."

Gaskiya yaron ya faɗa, kuma a cikin maganarsa akwai babbar matsalar duk mai tsara wasan bidiyo na motsa jiki. A cikin rimot ɗin akwai wata ƙanƙanuwar na'ura mai auna fizga, wato saurin da abu ya zabura daga inda yake. Ba ta san ko daga kafaɗa fizgar ta fito ko daga wuyan hannu ba. Ɗan wasan da ke cikin talabijin kuma da kansa yake gudu ya tari ƙwallo, aikinka kawai kaɗa hannu a kan lokaci. To, me zai sa mutum ya tashi tsaye?

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Wii a watan Nuwamba na 2006 tare da Wii Sports, tarin wasanni biyar da ya haɗa da tanis da dambe da golf. An sayar da fiye da kwafi miliyan 82. A makonnin farko mutane sun yi ta kai duka da iya ƙarfinsu, har rimot yana suɓucewa daga hannu mai gumi ya fasa gilashin talabijin. A watan Disamba na shekarar kamfanin ya ce zai musanya igiyoyin ɗaure rimot a hannu miliyan 3.2 da masu kauri. Lokacin ɗoki ke nan. Da ɗoki ya lafa, jiki ya gano hanya mai araha, ya bi ta.

Ba na ganin laifin yaron, kuma bai kamata mai tsara wasa ya ga laifin ɗan wasa ba. Jikin ɗan Adam mai tattali ne. Idan za a samu maki goma da ƙarfi kaɗan, ba zai kashe ƙarfi mai yawa ba, kuma wannan hikima ce da aka halicce shi da ita. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ka tuna langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗayar, yana bangazar abokin hamayya. Ba wanda ya taɓa shiga langa don ya rage teɓa ko ya ƙarfafa cinya, amma duk wanda ya yi ta ya san yadda ƙafa ke ciwo washegari. Abu biyu ne suka tsare langa. Na farko, motsin shi ne wasan kansa: in ka cire tsalle da ƙafa ɗaya, ba sauran langa. Na biyu, alƙalinta idanun abokan wasa ne, kuma ba sa barci. Kana sakin ƙafar za ka ji an yi ca a kanka. A wasan bidiyo, alƙali shi ne na'urar da ke jin motsi, kuma abin da aka gina ta ta ji kaɗai take ji. Tarihin wasannin motsa jiki, in ka bi shi a tsanake, kokawa ce tsakanin wannan alƙali mai guntun gani da jiki mai neman sauƙi.

Kokawar ta daɗe. A 1986 kamfanin Bandai ya fitar da wata tabarmar roba mai da'irori da ake takawa, mai suna Family Trainer, wadda daga baya Nintendo ya sayar a Amurka da sunan Power Pad. A wasan tsere, yaro zai yi ta gudu a wuri ɗaya a kan tabarmar. Ba a daɗe ba yara suka gano cewa in ka durƙusa ka riƙa dukan da'irorin da tafin hannu kamar mai kiɗan ƙwarya, ka fi kowa gudu. A dogon tsalle kuwa, sai ka sauka gefen tabarmar ka ɗan jira, na'urar ta ɗauka har yanzu kana sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wasan da ya fara toshe tsagar da kyau shi ne Dance Dance Revolution, wanda kamfanin Konami ya kafa a gidajen wasa na Japan a 1998. Dandamali ne na ƙarfe mai kibiyoyi huɗu: gaba, baya, hagu, dama. Kiɗa na tashi, kibiyoyi na hawa a fuskar allo, kai kuma sai ka taka wadda ta dace daidai lokacin da ta iso layi. Tazarar da ke tsakanin kibiyoyin ta isa ta sa dole ka ɗauke nauyin jikinka daga wannan ƙafa ka ɗora a waccan, kuma a waƙoƙi masu wuya mutum yana yin ɗaruruwan taku cikin ƙasa da minti biyu. Ƙwararru sukan riƙe ƙarfen da ke bayansu don su rage wa ƙafa nauyi, amma duk da haka da haki suke sauka. A nan hanyar cin maki da hanyar yin gumi sun zama ɗaya.

Akwai kuma kiɗan. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya ga yadda gangar noma ke sa saurayi ya manta da ciwon baya ya ci gaba da kai garma, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da kiɗa ke yi wa gajiya. A 2006 jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka, wadda ke fama da ƙiba a tsakanin yara, ta sanar da shirin saka wannan wasa a makarantun gwamnati 765. Abin da ya burge malaman motsa jiki shi ne yaran da ke laɓewa a lokacin ƙwallo, waɗanda ba wanda ke zaɓensu in ana raba ƙungiya, su ma suna bin layi don su taka kibiyoyin.

Misali mafi kyau da na sani na yadda ake rubuta motsi a cikin dokar maki shi ne Beat Saber, wanda wani ƙaramin kamfani a ƙasar Cek, Beat Games, ya fitar a 2018, Facebook kuma ya sayi kamfanin a ƙarshen 2019. Ana sa wani tabarau mai rufe ido da ke jefa mutum cikin wata duniya, a riƙe takobin haske biyu, ja da shuɗi. Tubala na tahowa bisa kiɗa, kowane da kibiya mai nuna ta inda za a sare shi. Da a ce taɓa tubali kaɗai ke ba da maki, da kowa ya maƙale gwiwar hannu a haƙarƙari yana ɗan cakula su. Sai masu tsarawa suka raba makin kowane sara gida uku. Maki 70 na ɗaga takobi ne, sai ya zagayo kusurwa mai digiri 100 kafin ya sauka a kan tubalin. Maki 30 na raka sara ne, takobin ya wuce da digiri 60 bayan ya yanka. Ragowar 15 na saita tsakiyar tubalin ne. Jimla 115. Ka ga kashi mafi tsoka yana ga faɗin sara. Ba wanda ya fito a allo ya ce maka "buɗe hannunka, yana da amfani ga kafaɗa". Kwaɗayin maki ne ke buɗe shi. Lokaci zuwa lokaci kuma bango zai taho, dole ka sunkuya ko ka kauce. Ko a nan ma ƙwararru sun koyi cika kusurwar da juya wuyan hannu idan kiɗa ya yi sauri, domin ba alƙalin da ba shi da makanta. Amma an matse tsagar sosai.

A ce an shawo kan wannan. Sai matsala ta biyu ta taso, wadda mai tsara wasan zaune bai san ta ba. Babban yatsa ba ya haki. A wasan da ake yi da maɓallai, mutum yana ƙara gwaninta ne yayin da zaman ke tsawo, don haka ana ajiye dodo mafi ƙarfi a ƙarshe. A wasan motsa jiki, bayan minti 20 ɗan wasa ya fi rauni a kan yadda ya fara. In ka ɗora masa mafi wuya a lokacin, ka hukunta shi ne saboda ya yi abin da kake so ya yi.

A 2007 wasu masu bincike uku a Jami'ar Edith Cowan da ke Ostareliya, Jeff Sinclair da Philip Hingston da Martin Masek, suka bayyana lamarin da ma'auni biyu da dole su tafi tare. Ɗaya na daɗin wasa ne: wuyarsa ta yi daidai da gwanintar mutum, kada ya gundure shi, kada kuma ya gagare shi. Ɗayan na amfanin jiki ne: nauyin motsin ya yi daidai da ƙarfin mutum, kada ya zama banza, kada ya karya shi. Wahalar ita ce ma'aunan biyu ba sa hawa tare. Akwai saurayi gwanin wasan bidiyo da ba ya iya tsuguno goma a jere. Akwai kuma mace mai ƙarfi, wadda ta saba da aiki, amma ba ta taɓa riƙe rimot ɗin wasa ba. Wasa ɗaya ake so ya ɗauki su biyun.

Ring Fit Adventure, wanda Nintendo ya fitar a watan Oktoba na 2019, shi ne ya fi ba ni gamsuwa a kan wannan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Kayan aikinsa biyu ne: wani zobe mai tauri, faɗinsa kamar na sitiyarin mota, da ke auna ƙarfin matsawa da na ja, da wani maɗauri da ake sa wa a cinyar hagu. Zoben shi ne amsar yaron da ke kwance a kujera, domin ba a matsa shi da wayo, sai da tsoka. Kafin a fara, wasan zai ce ka matsa da iya ƙarfinka ya auna, sannan a zaɓi matakin wuya tsakanin 1 da 30. Abin da matakin ya fi canjawa shi ne yawan maimaicin da za ka yi. Dattijo mai mataki na 5 da matashi mai mataki na 25 duk suna bin labari ɗaya, suna kayar da dodanni ɗaya, kowa da gwargwadon guminsa.

Labarin na farautar wani dodo ne mai ji da ƙwanji, Dragaux. Kana gudu a wuri ɗaya, mutuminka na ratsa daji. In an zo matakala sai ka ɗaga gwiwa sama. In aka yi karo da dodanni kuwa, faɗan bi da bi ne, kuma a nan basirar take. Makamanka su ne motsa jikin: tsuguno duka ne, matsa zobe a saman kai duka ne. An raba su launi huɗu, ja na hannuwa, shuɗi na ƙafafu, rawaya na ciki, kore na miƙe gaɓoɓi irin na yoga. Dodo ja ya fi jin dukan ja, shuɗi ya fi jin na shuɗi. Motsi mai ƙarfi kuma in ka yi shi, sai ya huta na ɗan lokaci kafin ka sake amfani da shi. Da waɗannan dokoki biyu, ɗan wasa da kansa yake zagaya sassan jikinsa, yana ganin dabarar yaƙi yake yi, alhali jadawalin mai horarwa yake bi. Lokacin da yake tsaye yana tunanin wane duka zai zaɓa, numfashinsa na dawowa. An saka hutu a cikin wasa ba tare da an kira shi hutu ba. Da annobar korona ta kulle mutane a gida a farkon 2020, wasan ya yi wuyar samu a kasuwa, kuma zuwa yanzu an sayar da fiye da miliyan 15.

Duk wannan bai amsa tambayar da ta fi damuna ba: bayan mako shida fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, yaro kuma awa guda a kullum. A ƙididdigarta ta 2022, kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan mudu. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce "kowane mako". Gumin rana ɗaya ba ya hana hawan jini.

A 2012 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga wani bincike da Tom Baranowski ya jagoranta a birnin Houston na Amurka. An ba yara 78, 'yan shekara 9 zuwa 12, Wii su tafi da shi gida. Rabi aka ba su wasannin motsi, rabi wasannin zaune, aka ɗaura musu ma'aunin motsi a ƙugu, aka bi su kimanin wata uku. Ba a ga bambanci ba. Yaran da aka ba wasannin motsi ba su fi sauran motsi ba. Na tuna ɗan yayata da na karanta wannan.

Sai Pokémon Go, wanda kamfanin Niantic ya saki a watan Yuli na 2016, ya fito da miliyoyin mutane kan titi suna farautar halittu da wayoyinsu. Dabararsa mai kyau ce: a lokacin, ƙwan halittun ba ya ƙyanƙyashewa sai ka yi tafiyar kilomita 2 ko 5 ko 10, kuma in gudunka ya wuce na ƙafa, kamar a mota, ba a ƙirga maka. Masu neman yanke ba su rasa ba, an ga masu ɗaura waya a jikin fanka ko a bayan kare. Masu bincike a Jami'ar Harvard suka duba bayanan taku na Amurkawa 1,182, 'yan shekara 18 zuwa 35, suka buga sakamakon a mujallar BMJ a watan Disamba na shekarar. A makon farko, masu wasan sun ƙara taku 955 a kowace rana. Daga nan ƙarin ya riƙa raguwa, zuwa mako na shida ya ɓace. Wutar kara ce, ta tashi da ƙarfi ta mutu da wuri.

A ganina, maki da lambobin yabo ba sa riƙe mutum na dogon lokaci, domin ranar da ya ga ba sa sayen komai ya gama da su. Abin da ke riƙe mutum biyu ne: son jin ƙarshen labari, da sanin cewa wani na jiransa. Manhajar Zombies, Run!, wadda Adrian Hon da marubuciya Naomi Alderman suka fitar a 2012, ta kama na farkon. Ba a kallon allo. Ka sa abin sauraro a kunne ka fita gudu, kai ne Mai Gudu na 5, wanda wani ƙaramin sansani ya dogara da shi wajen samo magani da abinci a duniyar da gawawwaki masu tafiya suka cinye. Tsakanin waƙoƙinka, muryoyin 'yan sansanin na yi maka magana ta rediyo. Wani lokaci za ka ji gurnani a bayanka, dole ka ƙara gudu na ɗan lokaci ko ka zubar da kayan da ka tsinta. Ba za ka ji yadda ta kaya da mutanen da ka saba da muryoyinsu ba sai ka sake ɗaura takalmi. Duk wanda ya taɓa barin aiki ya zauna gindin rediyo don kada wasan kwaikwayo ya wuce shi ya san ƙarfin wannan igiya.

Akwai kuskuren da nake so duk mai sha'awar wannan sana'a ya guje masa, kuma wasa mai farin jini ne ya tafka shi. Wii Fit na Nintendo ya fito a Japan a watan Disamba na 2007. Tushensa mai kyau ne: Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, ya ɗauki al'adar hawa sikeli kullum yana rubuta nauyinsa a jadawali, ya ga abin ya zama hira a gidansa. Wasan na zuwa da wani allo da ake takawa. Allon yana da ma'auni huɗu a kusurwoyinsa, yana gane inda nauyinka ya karkata, kuma an ɗauko tunanin ne daga 'yan kokawar sumo da ake aunawa da sikeli biyu. An sayar da fiye da miliyan 22. Amma da zarar ka hau, sai ya haɗa nauyinka da tsawonka ya yanke maka hukunci, in ya ga ka yi nauyi ya kumbura hoton mutuminka a allo, a gaban duk wanda ke falon. A 2008 aka yi ƙorafi a Ingila bayan ya sanya wata yarinya 'yar shekara 10 a sahun masu nauyin da ya wuce kima, har kamfanin ya ba da haƙuri. Mutumin da ya fi bukatar wasan nan shi ne wanda ya riga ya ji kunyar jikinsa, wanda ya ƙi zuwa filin wasa don kada a kalle shi. In abin da ya fara tarar da shi a cikin ɗakinsa shi ne dariya, ba zai sake hawa ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Wannan ne ya sa nake ganin matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Kano ko Damagaram suna da abin yi a nan. Ba kowa ke da kuɗin zobe da tabarau ba, amma wayar da ke aljihu tana ɗauke da irin ma'aunin fizgar da ke cikin rimot ɗin Wii, da kyamara a kai. Kuma akwai wanda waɗancan wasanni ba su yi tunaninta ba: matar da likita ya ce ta riƙa motsa jiki saboda sukari, ba za ta fita gudu a titi ba, tsakar gidanta taku goma ne, zafin bazara kuma ya hana motsi sai da asuba ko bayan magariba. Wanda zai tsara mata wasa dole ya fara da auna tsakar gidan.

Masu Ring Fit sun yi irin wannan aunawa ga nasu mutanen. Da yawa a biranen Japan suna zaune a gidajen bene masu siririn daɓe, inda gudun dare zai tayar da maƙwabcin ƙasa. Sai suka saka zaɓin shiru: maimakon gudu, ka riƙa ɗan lanƙwasa gwiwa kana miƙewa ba tare da ɗaga ƙafa ba, mutuminka ya ci gaba da tafiya. Bayan kowane zango, wasan zai ce ka ɗora babban yatsa a kan wata ƙaramar kyamara ya auna bugun zuciyarka. In ka ɗan jima kana yi, da kansa zai tambaye ka ko za ka dakata haka nan don yau, ko da dodo na gaba yana hango ka daga ƙarshen hanya. In ka amsa, sai ya bi da kai ta miƙe gaɓoɓin da ka fi wahalarwa a ranar, ɗaya bayan ɗaya, ya nuna maka minti nawa ka yi da tsuguno nawa, sannan ya sallame ka.